Baba Mai Rijiya da Ƙofar Iska

Shekarar da baban yarana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, da fartanyarsa na fita gona. Shi dogon mutum ne, ƙotar da ya sa mata ma doguwa ce mai kauri, ni kuwa ko kafaɗarsa ban kai ba. In na ɗaga ta sai ta rinjaye ni, in na sara sai bakin ya tafi inda ya ga dama. Kafin rana ta take, tafin hannuna ya yi bororo. Wata rana na jingine ta a jikin kututture na tafi gida sallar azahar. Da na dawo na same ta a inda na bar ta, amma ta sake. An rage tsawon ƙotar, an fere ta daidai damƙata, an buga bakin ya zauna daram. Ga ɓawon itacen nan a ƙasa. Na waiga, babu kowa sai maƙwabcinmu na gona, ya ba ni baya yana aikinsa kamar bai san an yi ba.

Na ƙarasa bakin iyaka na durƙusa na ce, "Baba, sannu da aiki. Allah Ya saka da alheri."

Bai ɗago ba ya ce, "Da aka yi me?"

Na ce, "Fartanya."

Ya ce, "Au, wannan? Gani na yi ita ke noma ki, ba ke ke noma da ita ba."

Baba Mai Rijiya ake kiransa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa sunan bai sake shi ba, ko da yake ya daɗe da ajiye igiya. Yawancin rijiyoyin unguwarmu shi ya haƙa su, har da wadda nake jan ruwa a cikinta yau. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, hannuwansa kamar faranti, yana ɗan jan ƙafar hagu. Wata rijiya ce ta rufto masa yana tsakiyar aiki. Ya wuce jar ƙasa lafiya, ya isa wani farin yashi, yashin ya saki. Da ƙyar aka zaro shi. Tun daga ranar ya koma gonar da ya gada, amma halin mai haƙa bai bar shi ba. Sauran manoma sama suke kallo su ga ko hadari ya haɗu, shi ƙasa yake kallo. Ba ya wuce wuri bai sunkuya ya ɗebi ƙasa ya murza ba, ya sunsuna, wani lokaci har ya ɗora a harshe. Matarsa, wadda muke ce wa Iya, mace ce mai barkwanci. Takan ce, "Ni ba na jin haushi in ya kushe girkina. Mutumin da ke lasar ƙasa, me ya sani game da gishiri?" Shi dai sai ya yi murmushi. Yakan ce rijiya abu ɗaya ta koya masa: ƙasar da ba ta riƙe kanta ba, ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe shuka, ba ta riƙe mutum.

Gonarmu da tasa kafaɗa da kafaɗa suke, tasa a kudu, tamu a arewa. A gabas da su akwai burtali, hanyar da shanu ke bi, bayansa kuma fili ne fetal, babu inda tsuntsu zai sauka. Daga can hadari ke tasowa, kuma kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa iska ce ke fara isowa. Ka yi shuka bayan ruwan fari, gero ya fito siriri kamar allura, sai iskar nan ta zo ƙasa-ƙasa tana jan yashi, ta zane shi kamar da bulala. Da safe ka tarar wani ya ƙone, wani an binne shi, wani saiwarsa a waje. Amma babbar ɓarnar ba a rana ɗaya ake ganinta ba. Iskar tankaɗe take yi. Yashi mai nauyi ba ta yin nisa da shi, lallausar ƙasar nan mai duhu take kwashewa. Ta tafi da gari ta bar mana tsaki.

Shi Baba, tun maigidana na da rai ya dasa layin bishiyoyi a gabashin gonarsa: darbejiya a baya, bagaruwa da wasu gajerun itatuwa masu ƙaya a gaba, don su toshe ƙafafun dogayen. Ya sha ba'a a kansu. Masu wucewa ta burtali sukan ce, "Mai Rijiya, ka gama da ƙasa ka koma ɗaure iska? Ina igiyar?"

Sai ya ce, "Tana tsirowa."

Daminata ta farko ni kaɗai, abin da na samu a ka na kwaso shi gida, sawu kaɗan ya ƙare. Bayan girbi sai ga wan mijina. Tela ne, shagonsa na bakin kasuwa, yara na ce masa Baffa, ni ina ce masa Yaya. Shi ke riƙe da amanar marayun ƙanensa, kuma ina shaida masa a gaban Allah bai taɓa cin ƙwayar hatsinsu ba. Tufafinsu ma shi ke ɗinka musu. Ya zauna a tabarma a tsakar gida, zare maƙale a wuyan rigarsa, ya ce, "Maman 'yan biyu, ba don ƙi zan faɗa ba. Gonar nan ta mutu tun mai ita yana da rai. Ki dubi hannunki, ki dubi abin da kika kawo. Masu bulo suna son wurin. Su yashi suke nema, mu kuwa yashi Allah Ya hore mana. A sayar, a sama wa yaran nan abin da zai amfane su."

Na ce, "Yaya, in aka kwashe ta da tifa, rami za a bar musu. Ka ɗan ƙara min lokaci."

Ya dubi 'yan biyu, waɗanda ko makaranta ba a sa su ba a lokacin, da autansu a bayana. Can ya ce, "Har su gama firamare. In zuwa lokacin gonar ba ta ciyar da ku ba, ba zan sake neman shawararki ba."

Kwana kaɗan bayan haka Iya ta yi sallama, ta ce maigidanta na ƙofar gida yana son magana da ni. Na yafa mayafi na fita. Ya ce, "Maman 'yan biyu, ina da hannu a abin da ya sami gonarki."

Na ce, "Subhanallahi, Baba, wane irin hannu?"

Ya ce, "Iska kamar ruwa take. In ka tare ta a nan, ba komawa take yi ba, inda aka bari take nema. Layina ya ƙare a iyakarki. Duk wadda na hana shiga gonata, zagayowa take yi ta haɗu da taki iskar ta faɗa miki. Na yi wa marigayi magana in ja layin har ƙarshen tasa, ya ce baɗi, sai ciwo ya kwantar da shi. In kin yarda, kuma Tela ya yarda, zan dasa."

Da na kai wa Yaya maganar, ko ɗaga ƙafa daga keken ɗinki bai yi ba. Ya ce, "A dasa mana. Ko tsintsiya yake so ya dasa."

Haka Baba ya ja layinsa ya ratsa gabashin gonarmu har kusurwar arewa. Dashen ba shi ne wahala ba, rainon ne. Da rani kullum ka gan shi yana tura kekensa da jarkoki a ɗaure, ƙafar nan tana ja, yana bin ƙananan itatuwan ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Makiyaya ma bai yi faɗa da su ba. Yakan tare su a burtali su gaisa, ya ba su rassan da ya sassabe daga manyan bishiyoyinsa, su kuwa su kauda masa shanu daga ƙananan. Ni ma nakan kawo ruwan wankin da nake yi wa mutane in zuba musu. Ya ce in dai sabulun bai yi yawa ba, sun gode.

Na taɓa tambayarsa, tunda tare iska ake so, me ya sa ba za a yi shinge mai kauri ba, wanda ko tsinke ba zai wuce ba. Ya ce, "In kika yi mata katanga, tsallakewa za ta yi ta diro a bayanta da fushi, ta haƙa miki rami. Ba hana ta ake yi ba. Rariya ake sa mata. Ta shiga da ƙarfi ta fito a gajiye, ta sauke kayan da ta ɗauko."

Abu ɗaya ya hana ni, shi ne sharar gona. Kowa in bazara ta yi yakan tattara kara da ganye ya cinna wuta, gona ta yi fes. Ni ya ce in kwantar da karana a inda yake, ganyen da ya zuba kuma kada in taɓa. Mata suka riƙa cewa gonar maman 'yan biyu kamar ɗakin ƙazamar mace. Na ji, na bar karana a kwance.

Ba zan ce ga ranar da ƙasar ta sauya ba. A hannu na fara ji, kafin ido ya gani. Da can in na sara, fartanya kan ci karo da wani ɓawo mai tauri a sama, ta fasa shi ta zurma cikin yashi maras nauyi. Sannu a hankali sai na ji tana shiga da laushi tana ɗago dunƙule, dunƙulen kuma ba ya wargajewa sai na buge shi. Launin ma ya tashi daga fari ya koma kamar na garin da aka soya. Gara ta ja ganyen da karan ta shige da su ƙasa, ta bar 'yan ramuka ko'ina. Wata safiya na ga kashin tana a gindin gero, na kira Baba don ban taɓa ganinsa a gonarmu ba. Ya tsuguna ya daɗe yana kallo kamar an yi masa jika.

Ruwan sama ma ya sake hali. Da can in aka yi shi da ƙarfi, gudu yake yi a kan ɓawon nan ya yanke kunyoyi ya fice da abin da ya samu. Yanzu sai ya tsaya ya nutse. In ruwa ya yi fashi, gonakin arewa da mu sukan naɗe ganye tun da hantsi, tamu tana tsaye. In na tura yatsa sai in ji sanyi. Kuma na lura abin tafiya yake yi: bishiyoyin na ƙara tsawo, laushin na ƙara matsawa yamma. Can ƙarshen gonar, inda kariyar ba ta kai sosai ba, shi ya fi daɗewa bai gyaru ba.

Ba kuma a banza bishiyoyin ke aikin ba. Kunyoyin da ke kusa da su kullum a tsumbure suke, inuwa ta danne su, saiwoyi sun shanye musu ruwa. Da na yi ƙorafi, Baba ya ce, "Kin taɓa ganin mai gadin da ba ya cin abinci?" Amma bai bar su sun yi ci da yawa ba. Duk shekara yakan ɗauko daginsa na haƙar rijiya ya ja siririn rami a bayan layin, ya datse saiwoyin da suka miƙo cikin gona, ya rage rassan da suka yi yawa. Itacen kuma ya ce in kai murhu.

Shekarar da 'yan biyu suka shiga ajin ƙarshe, Allah Ya ba mu damina mai kyau. Muka yi girbi, dammuna suka taru har na tsaya ina kallonsu ina hamdala, don na san ba a ka za a kwashe su ba. Yaya ya zo ya gani, murna ta kama shi. Ya ce shi zai kawo amalanke. Washegari sai ga shi da mai amalanken ta burtali, suka tarar layi ya rufe gabas ruf, babu mashiga. Ta yamma akwai hanya, amma zagaye ne mai nisa. Baba kuwa ba ya nan, ya tafi duba 'yarsa da ta haihu a wani gari.

Yaya ya dubi mai amalanke ya ce, "Kana da gatari?"

Na ce, "Yaya, da dai an jira Baba ya dawo."

Ya yi dariya ya ce, "Haba, maman 'yan biyu! Ƙofa ce kawai. Kowace riga ai tana da wuya, in ba haka ba ta ina kai zai shiga?"

Suka sare 'yan bishiyoyi a tsakiyar layin, manya da ƙanana, daidai faɗin amalanke da ɗan ƙari. Aka kwashe hatsi cikin sauƙi, kowa na yaba dabarar Yaya.

Da Baba ya dawo ya je ya tsaya a bakin giɓin. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, iska na kaɗa masa furfura. Abin da ya ce kawai, "Allah Ya kyauta." Ya je shago ya sami Yaya ya ce a bar shi ya toshe. Yaya ya ce baɗi ma ai amalanke za ta shiga in Allah Ya so, ƙofa ta zauna. Baba ya dawo ya ce min, "Ba gonata ba ce, kuma ba da mugunta ya yi ba. Mu zuba ido."

Muka zuba ido kuwa. Duk iskar da layin ya tare hagu da dama, ta wannan ƙofa ta matso ta shigo. In ka tsaya a wurin sai ka riƙe mayafi. Da rani ta fara share ganyen da karan. Da bazara ta hau kan ƙasar kanta. Kafin a yi shuka, wani farin fili ya miƙe daga bakin ƙofar ya shiga har tsakiyar gona, mai faɗi a gindi, siriri a ƙarshe. Baba ya sa masa suna harshe. Na shuka shi ya ƙone, na sake shukawa aka binne, na uku ya fito jefi-jefi kamar gashin kan tsoho.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne, wanda ke bin burtali ba ya ganin cikin gonar saboda bishiyoyi. Ta ƙofar nan kaɗai ake hangowa, kuma abin da ake hangowa shi ne harshen, da kunyoyin nan na mai gadi a gefe da gefe. Magana ta kai shago cewa gonar marayu ta koma gidan jiya. Yaya ya hau babur ya zo ya leƙa, ko sauka bai yi ba. Da yamma ya same ni a gida ya ce, "Na gani da idona. Bara sa'a ce aka yi. 'Yan biyu sun gama makaranta, na cika miki alkawari. Jibi zan kawo mai bulo ya duba."

Na ce, "To, Yaya. Amma ina roƙon ka shiga ciki."

Ya ce, "Me zan gani a ciki da ban gani ba?"

Ranar da suka zo, an kwana biyu ba a yi ruwa ba, rana kuma ta take. Suka tsaya a bakin ƙofar, Yaya na nuna wa mai bulo farin yashin, shi kuma yana gyaɗa kai. Ina tsaye a gefe ina ambaton Allah a zuci. Sai ga Baba ya ratso ta cikin gero, dagi a kafaɗa, buta a hannu.

Ya ce, "Tela, barka da rana. Cire takalminka."

Yaya ya ce, "Baba, masallaci ka gina a nan ban sani ba?"

Baba ya ce, "Kai da ba ka sayen yadi sai ka murza shi, ka ɗaga shi a rana, ka ja shi ka ji ƙarfinsa, yau za ka sayar da gona daga kan babur?"

Mai bulo ya tuntsire da dariya ya ce, "Wallahi ya kama ka, Tela."

Yaya ya cire takalmin, don ba mai raina manya ba ne. Ya taka harshen, bai yi nisa ba ya fara ɗaga ƙafa yana tsalle kamar zakara a kan kwano. Ya ce, "Kai! Baba, gasa ni za ka yi?"

Baba ya ce, "Ratse hannun dama."

Ya ratse ya shiga cikin geron da ya kai masa ƙugu, sai ya tsaya cak. Na ga yana motsa 'yan yatsun ƙafarsa a cikin ƙasa.

Baba ya tsuguna a kan harshen ya share yashin sama da hannu, ga ɓawo a ƙasa kamar daɓe. Ya tsiyaya ruwan buta, ruwan ya malale gefe yana neman hanya. Ya koma inda Yaya ke tsaye ya tsiyaya sauran, kafin ya ɗago butar ƙasa ta shanye. Sannan ya haƙa rami a kowane wuri har gwiwar hannu, ya ce wa Yaya ya zura hannu ya ɗebo daga ƙasan. Na harshen da ya dunƙula ya buɗe tafinsa, zubewa ya yi ta tsakanin yatsu. Na cikin geron kuwa ya zauna dunƙule, shatin yatsunsa a jiki.

Mai bulo ma ya ɗeba ya murza, ya yamutsa fuska ya ce, "Tela, ka ce min yashi ne. Wannan ai ƙasa ce, ga ganye ga saiwa. In na zuba mata siminti ɓarna zan yi. Wancan farin filin dai ya yi, amma tifa nawa zai cika?"

Baba ya ce, "To, Tela, zo ka tsaya a bakin harshen nan, can inda ya tsuke. Juya ka dubi gabas. Me ka gani?"

Yaya ya je ya tsaya ya juya. Daga ƙafarsa farin filin ya miƙe sak kamar an ja da zare, yana buɗewa, har ya ƙare a kan kututturan da aka sare. Ta cikin giɓin ana hango babur ɗinsa a burtali. Ya daɗe yana kallo. Can ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Innalillahi. Garin neman gira. Ashe almakashina ne."

Baba ya ce, "Wuyan rigar ne ya yi faɗi."

Yaya ya yi 'yar dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Ya juyo gare ni ya ce, "Maman 'yan biyu, na janye maganata. Gonar yara tana nan." Sannan ya ce wa Baba, "A sana'armu wanda ya yaga shi ke yin faci. Faɗa min yadda ake yi."

Baba ya nuna masa. Aka kafa dirkoki a giɓin aka yi darni na kara, ba mai kauri ba, ana ganin haske ta cikinsa. Aka dasa sababbin itatuwa a bayansa, dogaye da gajeru. Aka kwaso kara da ganye aka shimfiɗa a kan harshen aka danne da rassa. Hanyar amalanke ta koma yamma, duk da nisanta. Ranin da ya biyo baya, mutanen kasuwa suka saba ganin Tela ya rufe shago kafin magariba, ya ɗaura jarkoki a babur ya nufi burtali. Abokansa na tsokanarsa, "Ina zuwa, Tela?" Sai ya ce, "Akwai ɗinkin da ban ƙarasa ba."

Harshen bai warke da wuri ba. Abin da iska ta kwasa a shekara guda, shekaru ya ɗauka kafin ya dawo. Daga bakinsa ya fara rufewa, yana ja da baya kaɗan-kaɗan zuwa gabas. Yau in ba wanda ya san wurin ba, ba zai nuna shi ba. Gonar ta ciyar da mu, ta ciyar da baƙinmu. 'Yan biyu sun girma, autansu ke nomanta yanzu, kuma maƙwabtanmu na arewa sun ja layin ya wuce su, har da waɗanda suka tambayi ina igiyar.

Baba bai ga wannan duka da idonsa ba. Ƙafar nan ta hagu ta ci gaba da ba shi wahala har ta zaunar da shi, daga baya idon ma ya yi rauni. Nakan je gaishe su, in zauna da Iya a bakin ƙofar ɗaki, shi yana ciki a kishingiɗe. Ba ya tambayar dami nawa aka samu. Tambayarsa ita ce ko an datse saiwoyi bana, ko awaki sun taɓa facin Tela. Ya rasu da sanyin safiya, kalmar shahada a bakinsa, in ji Iya. Allah Ya yi masa rahama, Ya sa kowane ganye da ya zuba a gonakin nan ya zama nauyi a mizaninsa.

A duk zaman da muka yi na maƙwabtaka, mutumin nan bai taɓa neman komai a wurina ba, ko kofin ruwa, sai sau ɗaya. Na cika masa, kuma abin da na kai masa ya dunƙulu a tafinsa, ya riƙe shi har na tashi tafiya bai saki ba. A daminarsa ta ƙarshe ne, na je gaisuwa, ina shirin yin sallama ya kira ni daga cikin ɗaki.

Ya ce, "Maman 'yan biyu, in ruwa ya yi fashi, ki je tsakiyar harshen nan, ki haƙa har gwiwar hannu, ki ɗebo min ƙasar wurin a ƙunshi. Amma don Allah kada ki yayyafa mata ruwa a hanya don ki faranta min. Zan gane."